Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa ga Shugabannin Ƙungiyarmu ta Masana Fiziks Kan Farfaɗo da Mujalla

Zuwa ga Shugaba da 'yan majalisar zartarwa na ƙungiyar masana fiziks ta yankinmu, da iyayenmu shugabannin sassan fiziks na jami'o'i da kwalejoji.

Ranku ya daɗe,

Bayan gaisuwa da fatan alheri, mu wasu ne daga cikin membobin ƙungiya masu koyarwa da bincike a Kaduna da Zariya. Maganar mujallarmu ce ta sa muka ɗauki alƙalami. Kowa ya san ta daina fitowa, kuma kusan kowane taron shekara sai an yi alkawarin tayar da ita, a tafa, a watse. Mun rubuto a fili ne don ƙananan malamai da ɗaliban digiri na biyu da na uku, waɗanda rashin mujallar ya fi cuta, su ma su san inda aka kwana. Gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba.

Ba ƙarancin maƙalu ne ke kashe irin waɗannan mujallu ba. Maƙalu suna nan jibge, masu su na kai su ga mujallun 'yan kasuwa da ke karɓar kuɗi yau su buga jibi. Abin da ke kashe su shi ne a rataya komai a wuyan mutum ɗaya. Maƙalu na zuwa ta imel ɗinsa, suna zaune a kwamfutarsa, kuɗin ɗab'i na shiga asusunsa, shi kaɗai ya san kalmar sirrin shafin. Ranar da aka ba shi shugabancin tsangaya, ko ya tafi hutun bincike, ko ya yi ritaya, mujalla ta bi shi. Sai kuma ɗaure fitowarta da kuɗin rajistar taron shekara: in an yi taro a biya maɗaba'a, in ba a yi ba shiru. Yajin aikin malaman jami'a na 2020 ya ci kusan wata tara, na 2022 ya ci wata takwas. Duk mujallar da kalandarta ke bin ta taro ba ta tsallake irin waɗannan shekaru da ranta.

Roƙonmu na farko, kada a sake mata suna. Mun san akwai masu sha'awar a liƙa mata kalmar da za ta nuna ta ƙasa da ƙasa ce. A ƙa'idar lambar ISSN, wato lambar shaidar mujalla ta duniya, da zarar sunan mujalla ya canza sai an nemi sabuwar lamba, tarihinta kuma ya rabu gida biyu, aikin da magabata suka yi ya koma ƙarƙashin sunan da ba a ƙara jin sa. A bar tsohon suna da tsohuwar lamba ga bugun takarda. Bugun intanet yana buƙatar lambarsa daban, kuma Babban Ɗakin Karatu na Ƙasa ne ke bayarwa a Najeriya. A ci gaba da ƙirga juzu'i daga inda aka tsaya, a rubuta gaskiya a shafin farko cewa an yi shekaru ba a fito ba. Abin da muke tsoro shi ne dabarar cike giɓi, wato a buga maƙalun bana a sa musu shekarun baya don a nuna ba a taɓa tsayawa ba. Wannan asiri ba ya rufuwa. Maƙala ce za ka gani ɗauke da wata shekara, alhali a manazartarta akwai aikin da bai fito ba sai bayan shekara biyu. Masu tantance mujallu na ganin haka, kuma daga nan sun gama da mu.

Tsofaffin fitowa kuma a tattara su tun ana samu. A tambayi dattawan da suka yi ritaya, a duba Ɗakin Karatu na Kashim Ibrahim a Samaru da sauran ɗakunan karatu na jami'o'inmu. A ɗauki hoton kowane shafi da na'urar sikana a kan ɗigo 300 a inci ɗaya, masu zane da jadawali kuma 600, don a ƙasa da haka ƙananan lambobin da ke saman haruffa da ƙasansu suna dagulewa. Manhajar da ke mai da hoto rubutu ba ta iya karanta lissafi, saboda haka take da sunayen marubuta da tsakure sai mutum ya zauna ya buga su da hannu. Ɗalibai biyu da aka ba ɗan alawus za su iya.

Sai batun gida. Muna ba da shawarar jami'a ɗaya ta ɗauki nauyin ajiye shafin a ƙarƙashin adireshinta, da yarjejeniya a rubuce cewa mujallar mallakar ƙungiya ce, jami'ar mai masauki ce kawai. Dalili: adireshin da mutum ya saya da katinsa, in shekara ta zagayo bai sabunta ba, wani na iya saye, ya kwaikwayi shafin, ya riƙa karɓar kuɗin marubuta da sunanmu. An yi wa mujallu da dama haka a duniya. Manhajar da za a ɗora ita ce OJS, kyauta ce, kuma ita ce mujallun jami'o'i da yawa ke amfani da ita. Tana riƙe da tarihin kowace maƙala tun daga ranar da ta shigo, wa aka ba bita, me ya ce, yaushe. Sabon edita yana shiga zai tarar da komai. Amma wurare uku take ba da matsala, kuma ukun duk sakaci ne. Jakar da ake zuba fayilolin marubuta dole ta kasance a wajen ɓangaren da jama'a ke iya kaiwa ta intanet. In ba haka ba ɓarayin intanet su yi rajista kamar marubuta, su tura mugun fayil, washegari ka ga tallar caca a shafin mujallar fiziks. Na biyu, saƙonnin da manhajar ke aikawa, in ba a haɗa su da sahihin akwatin imel na jami'ar ba, cikin kwandon shara suke faɗawa, mai bita bai san an gayyace shi ba, edita kuma yana can yana jin haushin an ƙyale shi. Na uku, barin manhajar shekara da shekaru ba sabuntawa. A riƙa ɗaukar kwafin ajiya duk mako, a ajiye shi a wani gini daban, a kuma kunna tsarin adanawa na PKP, masu manhajar OJS, wanda ba a biyan ko kwabo, don ko shafin ya mutu maƙalun su rayu. Kalmar sirri ta babban mai kula da shafin kuwa, mutum uku ya kamata su riƙe ta, daga makarantu daban-daban.

Kada mu yi haɗama a yawan fitowa. Sau biyu a shekara, maƙala takwas-takwas, ya isa a fara. Ga lissafin. Maƙala 16 a shekara, in ana mai da rabin abin da ya shigo, na nufin a karɓi 32. Kowace na buƙatar masu bita biyu, rahoto 64 ke nan. Mutumin da ke koyar da aji mai ɗaruruwan ɗalibai ba zai yi maka bita fiye da biyu a shekara da zuciya ɗaya ba, don haka ana buƙatar mutum 32 masu amsawa, kuma tun da ba duk wanda aka roƙa ke amsawa ba, sai jerin sunayen ya ninka haka. Wanda ya ce a fito duk wata uku, a tambaye shi ina masu bitar. A sa wa'adi a fili: mako ɗaya edita ya duba ko maƙalar ta dace da mujallar, mako huɗu ga masu bita, mako huɗu ga marubuci ya gyara. Wadda aka gama da ita a ɗora ta nan take da lambarta, ba sai ta jira 'yan'uwanta ba. Kuma kada a sanar da ranar dawowa sai maƙalun fitowa ta farko sun kammala, rabin na biyu kuma suna hannun masu bita. Fitowa ta biyu ce ke nuna ko mujalla ta tashi, ta farko kowa na iya yin ta da zafin sabon abu.

Akwai wata ƙa'ida ta DOAJ, babban kundin mujallun da ake karantawa kyauta, da muke so majalisa ta sa a gaba. A fitowa biyu na baya-bayan nan, maƙalun da edita ko ɗan kwamitin editoci ko mai bita ke cikin marubutansu kada su wuce kashi 25 cikin 100. A fitowa mai maƙala takwas, biyu ke nan. Ma'ana, ba zai yiwu mu ne marubuta, mu ne editoci, mu ne masu bita ba. Dole a nemi masu bita daga Ibadan da Nsukka da Ife da Yamai da Accra, da 'yan'uwanmu da ke aiki a ƙasashen waje. Mu ma ganinmu ke nan ko da babu DOAJ. Da wuya ƙaramin malami ya mai da maƙalar farfesan da zai zauna a kwamitin ƙarin girmansa, kuma ba adalci ba ne a sa shi a wannan hali. Maƙalar da ta fito daga sashen su edita, wani editan ne daga wata makaranta zai riƙe ta.

Me mai bita zai duba? Nan ne muke ganin mujallar za ta yi amfanin da ta wuce ƙarin girma, domin yawancin abin da za a turo mana mun san shi.

Za a turo maƙalu masu yawa kan auna burbushin radiyom da toriyom da fotasiyom a ƙasar gona, da dutsen wuraren fasa dutse, da turɓayar tsofaffin ramukan kuza na Jos. Tambayar farko: kwana nawa aka rufe samfurin kafin a ƙirga hasken nukiliyar da yake fitarwa? Iskar radon-222 tana raguwa da rabi duk kwana 3.8, don haka sai an toshe gwangwanin ruf na kimanin mako huɗu kafin ita da 'ya'yanta, wato sinadaran da take rikiɗewa ta koma, su daidaita da radiyom-226. In murfin na yoyo, radon ta tsere, layin bismut-214 na 1764 keV, wanda da shi ake ƙiyasta radiyom, ya yi ƙasa, marubuci ya ba da rahoton radiyom ƙasa da gaskiya bai sani ba. Tambaya ta biyu: ma'aunin da aka daidaita na'urar da shi, wato samfurin da aka riga aka san abin da ke cikinsa, siffar gwangwaninsa da cikarsa ɗaya ne da na samfurin? In ba ɗaya ba ne, lambobin duk sun karkace. Sai tsawon lokacin da aka ƙirga abin da ɗakin kansa ke fitarwa, da iyakar abin da na'urar ke iya ganowa. Lambar da aka rubuta da alƙaluma huɗu bayan ɗigo, ba tare da an faɗi girman kuskurenta ba, ado ce kawai.

Za a turo na neman ruwan ƙarƙashin ƙasa ta hanyar tura lantarki, galibi da tsarin jera sandunan lantarki na Schlumberger. Kaduna da kewayenta a kan tsohon dutse suke zaune, ruwan yana cikin rugurguzajjen saman dutsen ne da tsagoginsa. Matsalar da aka sani ita ce siririn shimfiɗi mai sauƙin ratsuwar lantarki da kakkauran shimfiɗi mai ɗan taurin ratsuwa suna iya ba da zane iri ɗaya. Manhaja za ta fitar maka da zurfi, kuskurenta ya yi ƙanƙanta, amma amsar ba ita kaɗai ce mai yiwuwa ba. Mai bita ya nemi bayanan haƙar rijiyar burtsatse ko da ɗaya ce daga yankin, a gwada. In babu, marubuci ya faɗi haka, ya rage ƙarfin iƙirarinsa.

Na hasken rana kuma, tsohon lissafin Angstrom da Prescott, mai ƙiyasta ƙarfin rana daga awannin da ta haska, za a yi ta maimaitawa gari-gari. Ba laifi, amma kada a yarda mutum ya gina lissafinsa da bayanan wasu shekaru, sannan ya gwada ingancinsa da waɗannan shekarun dai. A ware wasu shekarun don gwaji. A kuma faɗa ƙarara ko bayanan daga na'urar ƙasa ta NiMet, hukumar hasashen yanayi ta Najeriya, suka fito, ko ƙiyasin tauraron ɗan'adam ne.

A rubuta irin waɗannan tambayoyi a takarda guda ga kowane fanni, a manna a shafin mujalla, marubuci ya gani tun kafin ya shiga ɗakin gwaji. Manhajar gano satar rubutu kuma a yi amfani da ita da hankali. Kason kamanceceniya da wasu rubuce-rubuce da take bayarwa ba hukunci ba ne. Bayanin hanyar gwaji da jerin manazarta na ɗaga shi ba tare da an saci komai ba, mai wayo kuma na iya sauya kalmomi ya saci aiki sukutum kason ya fito ƙasa. Edita ya buɗe rahoton ya karanta.

Yanzu ga abin da ya fi damunmu, wato haɗin kai. A jihar Kaduna kaɗai akwai Jami'ar Ahmadu Bello, da Jami'ar Jihar Kaduna, da Makarantar Horar da Hafsoshin Soja, da Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Kaduna, da cibiyar fasaha ta sojan sama. A Cibiyar Bincike da Horarwa kan Makamashi da ke Zariya akwai injin nukiliya na bincike, NIRR-1, ƙirar ƙasar Sin, wanda ya fara aiki a 2004, aka kuma sauya masa makamashi a 2018 daga yuraniyom mai inganci kashi 90 zuwa mai kashi 13. Sakkwato na da cibiyar binciken makamashi, Toro a jihar Bauci na da cibiyar da ke lura da motsin ƙasa. Amma ɗalibi na iya ɗaukar samfurinsa ya yi tafiyar kwana guda neman na'urar da ke unguwar da ke bayansa, don ba wanda ya gaya masa. Muna so kowace fitowa ta ware shafi biyu ga jerin na'urori: wace na'ura, a wane sashe, tana aiki ko ta lalace, me ya lalace, nawa ake biya, wane ofishi ake nema. Na'urar da ke kwance saboda wani ƙaramin sashe, mai yiwuwa irinsa na cikin wata matacciyar a wani gari.

Sannan mujallar ta riƙa shirya gwajin haɗin gwiwa sau ɗaya a shekara. A ɗebo ƙasa daga wuri ɗaya, a busar, a niƙa, a tankaɗe, a cakuɗa sosai, a raba wa ɗakunan gwaji biyar ko shida, kowa ya auna bai san amsar ɗan'uwansa ba. A haɗa da ma'aunan hukumar makamashin nukiliya ta duniya, irin su RGU-1 da RGTh-1 da RGK-1, inda ake da su. A buga sakamakon da lambobi a madadin sunayen ɗakunan, don kada a kunyata kowa. Wanda amsarsa ta yi nisa da ta sauran ya san akwai gyara. Bala'in gubar dalma na Zamfara a 2010, da ya ci yara sama da 400, ya isa ya nuna mana cewa awon ƙasa da ruwa a yankin nan ba wasan ƙarin girma ba ne. Haka girgizar da aka ji a Kwoi a 2016: jama'a sun tambaya, kuma masana na gida ya kamata su sami wurin ajiye amsa.

Hunturu ma wata dama ce. Ƙurar da ke rufe mu daga kwarin Bodele na ƙasar Cadi yawancinta ke tasowa, ba ta kuma san iyakar ƙasa ba. Allunan sola biyu iri ɗaya a kafa su gefe da gefe, ɗaya a goge shi kullum da safe, ɗaya a bar shi, a riƙa auna ƙarfin lantarkinsu da tsakar rana. In aka yi haka a Maraɗi da Katsina da Kano da Zariya da Kaduna a ranaku ɗaya, da tsari ɗaya, daga Nuwamba zuwa Maris, an sami maƙalar da ba sashen da zai iya rubuta ta shi kaɗai, mai sayar da sola a kasuwa ma zai amfana da ita. Wannan ne ya sa muke so a gayyaci malaman Yamai da Maraɗi da Damagaram cikin kwamitin editoci. Jami'ar Yamai sunan masanin fiziks take ɗauke da shi, Abdu Mumuni, wanda ya yi suna a binciken makamashin rana. Maƙalu su fito da Ingilishi, amma kowace ta zo da tsakure na Faransanci da na Hausa. Na Hausar a nemi taimakon sassan harsuna wajen daidaita kalmomi, a riƙa tara su, don kada yau a kira abu da suna ɗaya gobe da wani.

Kuɗi bai kai yadda ake tsoro ba. Lambar DOI, wadda ke sa a iya gano maƙala ko shafi ya ƙaura, Crossref, ƙungiyar da ke rajistar lambar, a farashinta na gama-gari tana karɓar dala 1 a kan sabuwar maƙala, tsohuwa kuma santi 15, ban da kuɗin zama memba na shekara. Maƙala 16 dala 16 ke nan. Tsofaffin ko sun kai 300, dala 45. Inda kuɗin yake shi ne alawus na mutum ɗaya da zai riƙa bin saƙonni kullum, da mai tsara shafuka wanda ya iya LaTeX, manhajar tsara rubutu mai lissafi, don lissafin da aka tsara a manhajar ofis yakan wargaje. Bugun takarda a rage shi zuwa kwafi uku na ajiyar doka a Babban Ɗakin Karatu na Ƙasa, da ɗaya-ɗaya ga kowane sashe. Ƙungiya ta tabbatar rajistarta da hukumar rajistar kamfanoni na nan daram, a buɗe wa mujalla asusunta daban mai sa hannun mutum biyu, a ware mata wani kaso tsayayye daga kuɗin membobi. TETFund, asusun tallafa wa manyan makarantu, na da tallafin mujallun bincike, amma ta hannun makarantu yake bi, wani dalilin ke nan na samun jami'a mai masauki. In za a karɓi kuɗi daga marubuta, sai bayan an amince da maƙala, kuma edita kada ya san wa ya biya. Kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Ɗalibin da ba shi da tallafi a yafe masa.

Batun Scopus, babban kundin mujallun bincike na duniya, a ajiye shi tukuna. A nemi shiga AJOL, dandalin mujallun Afirka. Bayan an cika shekara ana fitowa ko an buga maƙala goma, a nemi DOAJ, amma sai shafin ya ƙunshi sunayen editoci da makarantunsu, da bayanin yadda ake bita, da lasisin amfani, da kuɗin da ake karɓa, domin wanda aka mayar sai ya jira wata shida kafin ya sake nema. Takardun taron shekara kuma su fito a ƙari na musamman, a rubuta a jikinsu irin bitar da aka yi musu, kada a cusa su cikin fitowa ta yau da kullum.

Ranku ya daɗe, abin da muke nema a zaman majalisa mai zuwa shi ne a yanke uku: jami'ar da za ta yi masauki, babban edita da mataimaka huɗu daga makarantu daban-daban masu wa'adin shekara uku, da kason da za a ware daga kuɗin membobi. Muna kuma roƙon a dakatar da maganar bikin ƙaddamarwa har sai fitowa ta biyu ta hau shafi. Takardun tambayoyin bita na fannoni ukun da muka ambata, mun ɗauki nauyin rubuta su, za mu miƙa wa sakatare kafin zaman.

Mun gode, Allah ya ƙara girma.

Naku,
Wasu membobin ƙungiya daga Kaduna da Zariya